Sannunku da Yaƙi, Dakarun Madrid da Barca na Birnin Tudu

A gaishe ku, samarin Birnin Tudu. A gaida na Bakura da Talatar Mafara da Maradun, duk wanda ya taɓa hana idonsa barci saboda Real Madrid, da wanda ya taɓa ture kwanon tuwo don an ci Barcelona. Kun yi abin da ya gagari kakanninku. Su sai an taɓa gonarsu ko mutuncin gidansu kafin su ɗaure fuska. Ku kuwa Allah ya hore muku zuciyar da ke iya ƙullatar maƙwabci shekara guda cur a kan ƙwallon da aka buga a Sifaniya, ƙasar da ko a mafarki ba ku taɓa taka ta ba. Baiwa irin wannan ai bai kamata a bar ta ta wuce ba a yaba ba.

Hausawan da suna cewa faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Ashe gajiyawa ce irin ta mutanen da. Ku kun gano cewa daɗin shiga gare shi, tsundum har wuya.

Duk wanda ke shakkar ƙwazonku ya zo gidan kallo ranar da ƙungiyoyin nan biyu za su kara. Tun hantsi an jingina allo a bakin hanya, an rubuta sunayen da alli. Kafin la'asar gari ya rabu biyu, masu farar riga da masu ratsin shuɗi da ja, yawancinsu na gwanjo, wasu har da sunan ɗan wasan da ya daɗe da ajiye takalmi. Ana idar da isha'i, wani ko addu'a bai shafa ba, an yi cikin rumfar kwano. Inji na ruri a baya, hayaƙinsa na shigowa, bencina sun cika har ana zama kan cinyar juna, zufa kamar an yi ruwa. Mai gidan kallo ya tsaya bakin ƙofa yana karɓar kuɗi yana roƙon a zauna lafiya, don ya san abin da ya sha a karon baya. Daga nan sai a fara jin kalmar nan da ta fi kowace burge ni a bakinku, wato "mu". Mun kawo Mbappé. Mun ɗauki Kofin Zakarun Turai sau 15, ku guda 5 kacal. Mu muka raini Messi. Mun zuba muku 4 a gidanku. Yaron da mai shayi ke bi bashin kwana uku shi ne ke faɗin "mun kawo", ƙirji a buɗe, kamar da sa hannunsa a takardar. Madrid ɗin da kuɗin shigarta a kakar 2023 zuwa 2024 ya haura Yuro biliyan 1 ta yi dace da abokin tarayya irinsa. Allah ya bar zumunci.

Ga kuma ilimi. Wallahi na sha tsayawa ina sauraronku ina mamaki. Kun san an kafa Barcelona a 1899, Madrid kuma a 1902. Ɗan Madrid zai tuna wa abokinsa ci 11 da 1 na shekarar 1943 kamar shi ya tsare gida a ranar. Ɗan Barca ya rama da 6 da 2 na 2009 a cikin Bernabéu, ya ɗora 5 da nema na Nuwamban 2010. A jawo Di Stéfano, yadda ƙungiyoyin biyu suka yi ta ja-in-ja a kansa a 1953 har ya ƙare a Madrid ya taimaka mata ta ɗauki kofin Turai sau 5 a jere. A jawo Figo, da ya bar Barcelona ya koma Madrid a 2000, da kan aladen da aka jefa masa a Camp Nou a 2002. In gardama ta yi zafi sai a fito da Negreira, mataimakin shugaban kwamitin alƙalan wasa da aka gano Barcelona ta yi shekaru tana biyan kamfanoninsa miliyoyin Yuro, ɗaya ɓangaren kuma ya ce ai Madrid ƙungiyar Janar Franco ce, tsohon mai mulkin Sifaniya. Babu malamin da ya koya muku wannan, babu bulala, babu jarrabawa. Da kanku kuka haddace.

Har kun fi masu abin, in ana son gaskiya. Mutumin Kataloniya, yankin da Barcelona take, da ke jin zafin Madrid yana da abin nunawa. Yana da harshensa da Franco ya hana a yi amfani da shi a makaranta da ofis tun bayan yaƙin basasar 1936 zuwa 1939, har filin ƙwallo ya zama wurin da yake iya ɗaga murya da harshen uwarsa. Yana da Josep Sunyol, shugaban Barcelona, wanda sojojin ɓangaren Franco suka kama suka harbe a watan Agustan 1936. Gabarsa gado ce, da jini a cikinta, da kaburbura. Shi sai da aka ba shi dalili, abin tausayi. Ku kun wuce wannan matakin. Wani don yayansa ɗan Madrid ne ya zama ɗan Barca, wani don launin riga, wani don ranar da ya fara shiga gidan kallo Ronaldo ne ya ci ƙwallo. Da ɗan wannan jarin kuka gina ƙiyayyar da ta kai ta 'yan asali, wani lokaci ma ta fi. Shiga sharo ba shanu, kuma a sha bulalar ba a ko motsa ba, ai sai jarumi.

Na taɓa gwada wasu daga cikinku a bakin teburin mai shayi. Na tambayi shekarar da Figo ya koma Madrid, kafin in rufe baki mutum uku sun amsa. Sai na ce to me ya faru a nan garin, a ƙasar nan da muke zaune a kanta, a watan Afrilun 1980? Aka yi shiru. Ɗaya ya ce, "Yaya, ai lokacin ba a haife mu ba." Gaskiyarsa. A 1943 kam an haife shi.

To bari in faɗa, ko da zai ɓata muku hira. Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aikin da kamfanin Impresit na Italiya ya yi aka kammala a 1978, an karɓe gonakin mutanen yankin nan, ruwa ya ci wasu, aka baje wasu don aikin noman rani. Manoma suka yi damina bayan damina ba su shuka ba, diyyar da aka yi alkawari kuma ta maƙale. Da tura ta kai bango suka tare hanyoyin aikin suka ce ba mai wucewa sai an biya su. A ƙarshen Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen gari suka ƙirga ɗaruruwa. Sunan Birnin Tudu ya shiga littattafan da ake karantawa a jami'o'in duniya ta dalilin ranar nan. Waɗannan mutane kakanninku ne. Wasu daga cikin tsofaffin da kuke wucewa a gindin bedi da hanzari don kada a fara wasa ba ku, da idonsu suka gani. Sun tsaya a kan abin da yake nasu, gonar da suka gada, hatsin da 'ya'yansu za su ci. Ku kuwa kun huta da wannan wahalar. Kun samo abin tsayawa a kai wanda ba ya buƙatar fartanya, in an yi nasara ba ya ƙara muku ko tiya ɗaya, in an faɗi ba ya rage wa masu shi barci. Madalla da wannan sauƙi.

Ina da ƙanne biyu, taubasan juna, ɗan mace da ɗan namiji. Tare suka tashi, tare suka yi kiwo a bakin fadama, kowace shekara in watan cika-ciki ya kama sai an sha dariyar rigimarsu kan kuɗin shara. Wasan taubasai kowa ya san shi, a zage ka ka yi dariya, ka rama a yi dariya, ba mai kwana da kowa a ciki. Daren 23 ga Afrilun 2017 Messi ya ci ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe a Bernabéu, aka tashi 3 da 2, ya tuɓe rigarsa ya ɗaga wa 'yan kallo. Nan take ɗaya ƙanen nawa ya tuɓe tasa ya shimfiɗa ta a fuskar ɗan uwansa. Shi kuma ya ɗaga guntun benci. Aka kwana ana neman mai ɗinki. Iyayensu, wa da ƙanwa, ciki ɗaya, suka yi watanni gaisuwa sama-sama. Da aka yi wa ɗayan haihuwa, ɗan uwan nasa bai taka wurin suna ba. Har yau in ya aske kansa tabon yana nan bayan kunne, kuma duk lokacin da na gan shi sai gabana ya faɗi, don da katakon ya sauka ƙasa kaɗan da wata maganar ake. Messi dai ya koma Faransa, daga can ya wuce Amurka, yana cikin ƙoshin lafiya. Na tabbata da zai ji irin hidimar da aka yi masa a ƙasar Bakura da ya aiko da goro.

Mu da muke da wasan Kanawa da Zazzagawa, na Gobirawa da Yarabawa, na Fulani da Barebari, hanyoyin da magabata suka bi suka mayar da tsohuwar gaba ta koma raha, ga shi an samu 'ya'yan da suka iya juya abin, su ɗauki raha su mayar da ita gaba. Ba kowace al'umma ke samun masu irin wannan fasaha ba.

Ba ku kaɗai ba ne, kada ku ji kaɗaici. A Mayun 2009, bayan Barcelona ta doke Manchester United a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, wani direba a garin Ogbo na jihar Ribas ya afka da motarsa cikin masu murna, mutum 4 suka mutu. Kun ga akwai sauran tafiya a gabanku.

Abin da ya fi ƙayatarwa shi ne yadda kuka fi iyayen gidanku riƙon amana. Su raggaye ne. A Nuwamban 2005 Ronaldinho ya ci Madrid ƙwallo 2 a gidanta, magoya bayan Madrid suka miƙe tsaye suna tafa masa. Wa zai yi wannan abin kunya a gidan kallonmu? A 2010 'yan wasan ƙungiyoyin biyu, su Casillas da Ramos da Xavi da Iniesta da Puyol, suka sa riga ɗaya suka ɗauko wa ƙasarsu Kofin Duniya a Afirka ta Kudu. Da gaba ta yi tsanani a 2011, har Mourinho, kocin Madrid, ya tsokane wa Tito Vilanova na Barcelona ido, Casillas ne ya ɗaga waya ya kira Xavi don a kashe wutar, shekara ta zagayo aka haɗa su biyun aka ba su lambar girma. Luis Enrique ya bar Madrid ya koma Barcelona, Laudrup ya bar Barcelona ya koma Madrid, Ronaldon Brazil da Eto'o kowa ya ci albashin gidajen biyu. Shugabannin kuwa, da aka zo maganar kuɗi a Afrilun 2021, wato sabuwar gasar manya da ƙungiyoyi 12 suka ƙulla, cikin 'yan kwanaki ƙungiyoyi 9 suka tsere, amma Madrid da Barcelona suka riƙe hannun juna gam. A 2020 aka fara kwasar wasanninsu na Super Cup zuwa Saudiyya su buga su raba riba. A can akushi ɗaya ake ci. A nan ne kawai, a Birnin Tudu da ire-irenta, ake samun tsantsar aƙida wadda ba a gauraya ta da kwabo ba. Ku ne kuke biya ma, kuɗin shiga, kuɗin data, kuɗin riga, tun ba ma da man fetur ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a Mayun 2023 ba, mai gidan kallo ya ƙara farashi kuka ce ko nawa ne.

Wasunku sun ƙara da sadaukarwa ta musamman. A jihar da ta riga kowace ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999, caca ba ta buƙatar shago, ta shigo ta aljihu, cikin waya. Kuɗin aikin gayya, kuɗin ƙwadagon cirar shinkafa a fadamar Bakolori, a ɗora kan Madrid za ta ci. In ta faɗi, sai a nemi wanda za a huce a kansa, ga kuma ɗan Barca zaune kusa yana dariya.

Kuma ina tabbatar muku, in Allah ya kai ɗayanku can Sifaniya, tarba ta musamman na jiransa. A Mayun 2023 a filin Valencia aka yi ta kiran Vinícius biri, har daga baya kotu ta yanke wa mutum 3 ɗaurin wata 8. A Oktoban 2024, daren da Barcelona ta ci 4 da nema a Bernabéu, wasu 'yan kallo suka bi Lamine Yamal, yaro ɗan shekara 17, da zagin launin fata da na asalinsa. Tun 2006 Eto'o ya nemi ficewa daga fili a Zaragoza saboda kukan biri, a 2014 aka jefa wa Dani Alves ayaba. Waɗannan taurari ne masu miliyoyi. Kai da fatarka ta sha ranar Zamfara, ka tsaya ka yi tunanin mazaunin da za a ba ka. Son maso wani ƙoshin wahala, in ji masu iya magana, amma ku ba ku san ƙoshi ba, kullum ƙari kuke nema.

Darasin ma ya fara shiga gida. A Afrilun 2022 Katsina United ta je Kano karawa da Kano Pillars a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ba a kai ƙarshen wasa ba 'yan kallo suka ɓalle, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar Naira miliyan 9, ta zare mata maki 3. Da kaka ta ƙare, Masu Gida, wato Pillars, da suka ɗauki kofin ƙasa sau 4, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, suka faɗa rukuni na biyu, Katsina United na biye da su. Kano da Katsina, maƙwabtan da suka haɗa jini da kasuwa da malamai tun ɗaruruwan shekaru, suka rungumi juna suka nitse tare. Ai ko a Sifaniya ba a taɓa kai gaba wannan matsayi ba.

Mu a Zamfara ma mun fi su hutawa. Zamfara United ta taɓa buga babbar gasar ƙasa, amma yau in ka ce wa mai farar riga ya lissafo 'yan wasanta uku sai ya dube ka kamar ka yi masa Larabci. Yankin nan namu ya haifi gwamnoni uku, Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Talatar Mafara, Bello Matawalle na Maradun, amma ban taɓa ganin samari sun yi gayya sun ɗaga murya kan a gyara musu filin wasa da rabin zafin da suke gardamar bugun fenariti ba. Ƙannenku na buga ƙwallon da aka ɗaure da tsumma a filin makarantar firamare, ba takalmi, turakun raga sandunan dogon-yaro ne. Cikinsu akwai mai ƙafar da in aka kula da ita za ta kai inda Ahmed Musa ya kai daga Pillars, ko Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato da ya je Kofin Duniya na 2018. Ba wanda ya tsaya kallonsu. Kuna da manyan al'amura a gabanku.

Nan fa ƙasar dambe ce, ƙasar da har gobe ake sauraron waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago. A fagen dambe mutum da hannunsa yake shiga, shi ke shan naushin, shi ke bayarwa. In an ce an yi kisa, ana nufin hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, a ɗaga wanda ya faɗi, a kaɗe masa ƙura, gobe a gan su tare wurin mai nama. Masu dukan juna da gaske suna rabuwa lafiya, masu kallon hoton wasu a jikin gilashi su ne ke zubar da jini. Ci gaba ke nan.

Ƙannena, ina son ƙwallo, kuma na san abin da ke kai ku rumfar nan. Na san ranar 26 ga Fabrairun 2021 da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Na san harin kwalejin aikin gona ta Bakura a Agustan shekarar, da ɗalibai 73 na Kaya a ƙasar Maradun ranar 1 ga Satumba, da makonnin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, mutum bai san halin da ɗan uwansa ke ciki a ƙauyen gaba ba. Na san gonakin da aka daina zuwa, da waɗanda sai an biya 'yan bindiga kafin a girbe. Saurayin da ya wuni cikin wannan fargaba yana da haƙƙin ya samu minti 90 da zai manta, ya yi ihu, ya rungumi na kusa da shi. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Wuri ɗaya da ya rage inda samarin gari ke haɗuwa da dare kafaɗa da kafaɗa, ɗan manomi da ɗan mahauci da ɗan malam, shi kuka zaɓa ya zama wurin ƙulla gaba. Masu kashe mu suna daji, ba su tambayar wace riga ka sa kafin su ɗaure ka. Ku kuwa kun tanadi fushinku kaf, kun adana shi da kyau, kun ajiye wa yaron da kuka yi makarantar allo tare. Sannunku da tattali.

Kwanan baya ina zaune da wani dattijo daga cikin waɗanda suka ga 1980, sai ga jikansa ya fito da farar riga yana sauri, ko gaisuwa a tsaye. Tsohon ya kira shi.

"Kai, zo nan. Wai shin wagga Madrid da kuka ta faɗa a kanta, ta san da ku?"

"Baba, ai ba sai ta sani ba. A jini take."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya ya dubi gabas, wajen gonar da rabonsa da ita shekara uku ke nan, bai ce komai ba. Yaron ya ɗan jira, ya ga ba a sallame shi ba kuma ba a riƙe shi ba, sai ya ji an tayar da inji, ya ruga.